Reza mai araha a rotari kota: yadda zaki saya, ki gwada, ki saka ba tare da kin ɓata atamfarki ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗinki. Tun da sanyin Jos ya fara kankama aka fara neman bargon haɗi, wanda ake ɗinkawa da guntayen ƙyallaye, tambaya ɗaya ake ta min, wasu a shago wasu ta waya: Anti wannan rezar ta rotari kota da ake sayarwa guda 10 a kwali ɗaya da araha tana aiki kuwa, ko dai zubar da kuɗi ne? Na amsa ma wannan na amsa ma waccan har na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya yadda duk mai buƙata zata karanta a nutse.

Tana aiki. Da ita nake yanka mafi yawan ƙyallayen da nake haɗa bargo da zanin gado. Na san za a ce araha ba ta ado, kuma akwai gaskiya a ciki, dan ba irin riƙon da ake ma ta asali, wato ta kamfanin da ya yi wuƙar, ake mata ba, ta asali kina fito da ita daga kwali zaki saka ki kama aiki, ita kuwa mai arahar sai kin duba ta ɗaya bayan ɗaya kin gwada, kuma ranar da ta gaji ki cire ta ba jan rai. In zaki iya wannan toh zaki ci ribarta, in bazaki iya ba abinda kika rage a reza a atamfa zaki biya shi.

Mu a shago wuƙar taya muke ce ma rotari kota saboda bakinta zagayayye ne yana gungurawa, dan haka in kika ga na ce wuƙa ita nake nufi, in na ce reza kuma zagayayyen ƙarfen da ake canzawa.

Kafin ki fara ki ajiye waɗannan kusa: wuƙar, tabarmar yanka, rular roba mai kauri irin mai inci 6 da 24 ɗin nan, tsumma mai tsafta wanda baya barin zare, man keken ɗinki, maka ta rubutu, selotef, gwangwani mai murfi, da ragowar ƙyallayen da baki damu da su ba. Sai wayarki saboda hoto.

1. San wuƙarki tukunna

Rezar tana zuwa girma huɗu da aka fi sani, milimita 18, 28, 45 da 60. Ta 45 ita ce ta aikin yau da kullum, ita ce kuma aka fi samun mai araharta, 28 da 18 na lanƙwasa ne da ƙananan yanka, 60 kuma na ninki mai yawa da abu mai kauri. Yawanci an rubuta girman a jikin mariƙin ko a kan rezar kanta, in ya goge ki ɗora tef daga wannan baki zuwa wancan, ta 45 zata baki santimita 4 da rabi.

Amma girma kaɗai bai isa ba, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Ki duba ramin tsakiya. Wata rezar raminta zagayayye ne sumul, wata da 'yan tsagogi a gefen ramin, kuma faɗinsa ma yana bambanta. Wuƙar Olfa ta Japan, mai ruwan ɗorawa, da Fiskars ta Finland mai ruwan lemo a girman 45 yawancin rezojin kasuwa suna shiga musu, shi yasa zaki ga an rubuta sunayensu a kwalin. A girman 60 kuwa ba haka abin yake ba, ramin wani kamfani baya dacewa da na wani, dan haka mai wuƙar 60 ta ƙara buɗe ido.

Abinda nake yi, na manna tsohuwar reza ɗaya a kan kwali da selotef ta ko ina na rufe bakin ruf na bar ramin a buɗe, ita nake sakawa a jaka in zan shiga kasuwa. In ta intanet ne in ɗauki hoton ramin in kwatanta da hoton mai sayarwa.

Gargaɗi: in ramin ya ma ƙusar tsakiya da rezar take juyawa a kai yawa rezar zata dinga rawa, layin ya fito a karkace ko ta ci gefen rular. In ya yi mata kaɗan karki tura da ƙarfi, karki kuma ce zaki faɗaɗa shi, siririn ƙarfe ne mai tauri, ɓallewa zai yi.

2. Saye

Ki fara tambaya wajen masu kayan ɗinki na kasuwar Terminus a nan Jos, in babu toh sai intanet, Jumia ko AliExpress ko Temu, ko ki ba mai zuwa sari Kano ko Legas saƙo. Karo na farko daga hannun mai sayarwar da baki sani ba kwali ɗaya zaki saya, ko an miki ragi a kan uku. Na taɓa ɗaukar kwali uku lokaci ɗaya wajen wani mai sayarwa a intanet saboda kuɗin kawowa ya zama ɗaya, da suka iso fiye da rabi bakinsu da tsatsa, kuma maidawa ya fi kuɗin kayan wahala, abin ya min ciwo dan lokacin ina da aikin kayan ɗakin amarya a hannu.

A kwalin zaki ga an rubuta SKS-7 ko SK5, sunan irin ƙarfen ne. Wasu kuma launin gwal ne da su an rubuta titaniyom, wannan shafi ne aka yi a saman ƙarfen ba ƙarfen gaba ɗaya ba. Ni rubutun kwali baya ɗaga min hankali, na ga mai launin gwal da ta mutu da wuri na ga fara sol da ta daɗe, gwaji ne yake raba gardama. Abinda nake dubawa shi ne su zo cikin robarsu mai murfi da mai a jikinsu, ba a leda suna gogar juna ba.

A Amurka wasu masu wannan ɗinkin rezar yankan kafet suke saye a shagon kayan aiki saboda ita ma akwai mai milimita 45 kuma ta fi araha. In kika ci karo da irinta wajen masu kafet ki jera ta da taki ki duba rami da kauri kafin ki biya, ta ɗinki siririya ce sosai, kaurinta milimita 0.3 ne kawai.

Shawarata ɗaya da bana canzawa, ki mallaki ta asali ko guda ɗaya ce. Ita ce ma'auninki, in baki taɓa jin yadda reza mai kyau take ratsa ƙyalle ba bazaki gane mai araha ta gaza ba, sai ki ɗauka haka abin yake kiyi ta danna kafaɗa.

3. Buɗe kwali ki raba su

Ki zauna a tebur, wuri mai haske, ba a kan cinya ba, ba yaro a kusa.

Rezojin suna zuwa a jere da mai a tsakaninsu dan kar suyi tsatsa, man nan yana sa su manne da juna kaman guda ɗaya. Karki sa farce a baki ki ce zaki ɓamɓaro. Ki juye su a kan tsumma, ki ɗora yatsa a tsakiya kusa da ramin ki zamar da ta saman gefe guda a hankali, in ta leƙo sai ki ɗauke ta ta wajen ramin. Wasu suna amfani da ɗan maganaɗisu, shima yana yi.

Gargaɗi: ki tabbata ɗaya kika ɗauka. Biyu a manne in suka shiga wuƙa ba lallai ido ya gani ba, sai dai ki ga bakin ƙyallen yana fita gashi-gashi da wani siririn zare yana zubowa kaman an yi yanka biyu, da yawa suna zagin kwalin gaba ɗaya alhali biyu suka saka. Ki juya ta ta gefe ki kalli kaurin kafin ki ci gaba.

Sai ki goge man, ki kwantar da rezar a kan tsumma ki goga daga tsakiya zuwa waje, kar yatsa ya bi zagayen bakin. In baki goge ba man zai sauka a yanka na farko, a kan atamfa mai duhu ba komai amma a farin yadi ko shadda tabo ne. Ba sai ta bushe ƙarau ba, ɗan maiƙo kusa da ramin yana da amfani.

Yanzu ɗaga ta saitin taga ko fitilar waya ki juya ta sannu sannu kina kallon bakin. Baki mai kaifi baya ƙyalli, duk inda kika ga ɗan haske ya tsaya toh giɓi ne ko wurin bai wasu ba. Ki kwantar da ita a kan gilashi ko fuskar rula, in wani gefe ya ɗaga a lanƙwashe take. Mai giɓi da mai tsatsa a baki ki sa musu alama da maka ki ware su na yankan takarda, lanƙwasassa kuwa gwangwani kawai.

4. Cire tsohuwar

Ki rufe murfin wuƙar, ki kifa ta noti yana sama. Kafin ki taɓa komai ɗauki hoto, bayan kin cire noti ki ƙara ɗauka. Wallahi wannan hoton ya fi duk bayanin da zan miki dan kowace wuƙa da tsarinta.

Ki kwance notin da hannu, ba a sa filaya. Ƙarƙashinsa a yawancin wuƙaƙe akwai 'yar washa mai lanƙwasa kaman ƙaramin faranti, wasu kuma da wani zoben roba a kusa da rezar. Duk abinda kika cire ki jera shi a tebur daga hagu zuwa dama yadda ya fito, kuma a fuskar da ya fito, karki juya shi. Daga nan ki ɗaga mariƙin ki bar ƙusar da rezar a tebur, sai ki zare tsohuwar.

Zaki ga tarin audugar ƙyalle ta yi baƙi ta daskare a inda rezar take kwanciya, a lokacin hunturu har da ƙura. Ki share shi tas da tsumma ko tsohon buroshin haƙori. Sau da yawa ma wannan dattin ne yake hana rezar juyawa ba dakushewa ba, dan haka in wuƙa ta fara nauyi kwana biyu da canji ki fara buɗewa ki share kafin ki ce rezar ce.

Tsohuwar karki ajiye ta a tebur ki ce anjima, yanzu yanzu ki sa mata alama ki jefa a gwangwani. In ta cakuɗe da sababbi ido baya raba su.

5. Saka sabuwar

Ɗigo ɗaya na man keke a kan ƙusar ko a gefen ramin, ɗaya tak. Ki zura rezar a ƙusar, ki ɗora mariƙin, ki maida sauran daga dama zuwa hagu kina duba hoton. Washar nan ta koma yadda ta fito, ita ce take riƙe rezar daidai ba ta matse ba ba ta saki ba, in kika kifa ta ko kika manta ta a tebur noti zai dinga kwancewa kina cikin aiki.

Ɗaurin notin shi ne inda ake kuskure. Ki murɗa har ki ji ya zauna sai ki tsaya. In kin matse da yawa rezar bata juyawa sai jan ƙyalle take, gefe ɗaya ya dinga cinyewa, tabarmar ma ta sha wuya. In ya yi sako-sako tana rawa. Ki buɗe murfin ki gungura ta a kan tabarmar ba ƙyalle, ya kamata ta tafi sumul ba ƙara ba tirjiya. Rezoji masu araha kaurinsu kan ɗan bambanta da na asali, dan haka kar ki dogara da inda notin ya saba tsayawa, kowane canji ki sake ji da hannunki.

Ki buɗe murfin ki rufe sau biyu uku ki ga ya rufe bakin gaba ɗaya. In bakin rezar yana leƙowa bayan kin rufe toh ba girmanta bane, ki cire.

Bahaguwa ta duba wuƙarta, da yawa ana iya maida rezar ɗaya gefen yadda zata jingina da rula in kina yanka da hagu.

6. Gwaji, kafin atamfar mutane

Wannan matakin dan Allah kar a tsallake shi, minti 2 ne.

Ki ɗauki ragowar ƙyallen auduga da aka goge, falle ɗaya, ki ɗora rula ki yanka tsawon da ya kai rabin mita a tafiya ɗaya, da ƙarfi kaɗan. Ki ja ƙyallen gefe. In ya rabu tas ba zaren da ya riƙe, madalla. Sai ki ninka biyu, sai huɗu.

In kika ga zare ya riƙe, ki auna tsakanin wuraren da ya riƙe. Zagayen rezar 45 kusan santimita 14 ne, wato inci 5 da rabi, in duk bayan wannan tazarar zare ɗaya yana tsira toh giɓi ne a bakin, duk juyi ɗaya sai ya dawo wurin, ba abinda zai gyara shi sai canji. A rezar 28 tazarar kusan santimita 9 ce, a ta 60 kusan 19. Amma in wuraren ba su da tsari, nan kusa can nesa, toh ba laifin rezar bane, ko dai tabarmar ta yi kwari a wurin, ko teburin yana lotsawa a tsakiya, ko hannunki yana sassautawa in kin miƙa nesa. Ki matsa wani gefen tabarmar ki sake gwadawa, saitin ƙafar tebur ya fi ko ina tauri.

Na daɗe ina ɗora ma rezoji laifin da na tebur ne. Teburin roba irin na biki nake yanka a kai lokacin, da na koma na katako mai kauri rezojin da na ware a matsayin marasa kyau da yawansu suka yi aiki lafiya.

In ta ci gwaji ki rubuta kwanan wata a ɗan selotef ki manna a mariƙin, zai miki amfani wajen lissafi.

7. Yadda zaki yanka ta daɗe

Mai araha bakinta baya jure wulaƙanci, abinda ta asali zata shanye ita giɓi zai zame mata. Mu kuma a nan ƙyallayenmu ba daga shago suke fitowa a wanke a ninke ba, ragowar ɗinki ne da muke tarawa a buhu daga wajen teloli, wasu daga ƙasa aka share su, wasu kuma gwanjo ne daga kasuwar Katako muke farkewa. Dan haka kafin komai ki zazzage, ki shafa da hannu ki nemo fil da ƙarfen sitefula da karyayyar allura, ki wanke dan yashi da sitati su fita, ki shanya ki goge. Wankin ma yana nuna miki wadda take zuba kafin ta ɓata miki farin da ke kusa da ita a bargo. Fil ɗaya ya isa ya kashe sabuwar reza a yanka na farko.

Takardar nan da ake mannawa a turmin atamfa ki cire ta da gam ɗinta, ki ɗora dutsen guga mai ɗumi ta bayan ƙyallen zata ɗago, in reza ta bi ta kan gam tana kwasowa sai zare ya dinga manne mata. Atamfa mai zanen gwal ko ƙyalƙyali tana cin baki da sauri, haka jins da kaki, kuma a gwanjo ki fara yanke zif da maɓalli da kaurin ɗinki da almakashi. Faibar da ake sakawa a cikin bargo ita ma tana dakusar da reza, ni tsohuwa nake sa mata ko almakashi. Takarda da kwali kuwa wuƙa daban nake da ita, na ɗaura mata jan zare a mariƙi dan yaran shago su gane.

Ninki kar ya wuce huɗu. Na san sabuwar ta asali tana ratsa shida har fiye, amma da mai araha in kika tara da yawa na ƙasan baya fita, ki dawo ki sake bi, kuma komawa kan layi sau biyu shi ke sa gefe ya yi gashi. A ɗinkin haɗi kuwa da inci kwata kawai ake bari na ɗinki, in kina yanka tsiri mai faɗin inci 2 da rabi ko murabba'i mai inci 5 gefen ya zare ko ya karkace kaɗan, sai kin zo haɗawa zaki ga kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, layi 10 ya tara miki kuskuren da ba guga da zai ɓoye.

A tsaye ake yanka. Hannu ɗaya ya danne rula yatsu a buɗe nesa da gefen, ki jingina rezar da gefen rula tun kafin ta taɓa ƙyallen, ki tura daga wajenki zuwa gaba tafiya ɗaya, ba gaba da baya kaman zarto ba. In tsawon ya yi yawa ki tsaya da wuƙar a inda take ki matsar da hannun rular gaba sannan ki ci gaba.

Gargaɗi: ba a jawo wuƙa zuwa ciki, ba a kuma yanka da siririyar rular makaranta ko ta ƙarfe, ta farko reza tana haye ta ta sauka a yatsa, ta biyu tana kashe bakin nan take. Kuma duk ajiyewa ki rufe murfi, ko gyara ƙyalle kawai zakiyi. Wata yarinyar shagona ta taɓa barinta a buɗe ta faɗo daga tebur ta sauka a kan ƙafarta tana sanye da silifa, sai da aka yi ɗinki, har yau in na tuna jikina yana sanyi dan amanar iyayenta ce a hannuna. In tsautsayi ya faɗa ki danne wurin da tsumma mai tsafta ki ɗaga shi sama, in jini bai tsaya ba bayan minti 10 ko yankan ya yi zurfi ko yatsan ya mutu a tafi asibiti, a kuma yi maganar allurar tetanus.

8. Gane ta gaji, da lissafin kuɗi

Alamar farko a jikinki take ba a ƙyalle ba, in kika ji kina dannawa fiye da jiya, wuyan hannu ko kafaɗa sun fara magana, ta gaji. Sai ƙarar ta canza, sai zare ya fara tsira. Karki jira ta kai nan. Duk amfanin saye da araha shi ne ki iya cirewa da wuri ba tare da zuciyarki ta yi nauyi ba, wadda ta sayi goma kuma take lallaɓa ɗaya wata uku bata ci ribar komai ba, ga dakusasshiyar reza ita ce ta fi yanka mutum saboda ƙarfin da ake sa mata, kuma tana huda tabarma wadda ta fi reza tsada nesa ba kusa ba.

Maganar wasawa, akwai 'yar na'urar wasa irin wannan rezar, tana ɗan dawo da kaifi amma bata cire giɓi. Masu cewa a yanka takardar alminiyom a ninke, na gwada, ɗan lokaci kaɗan take ƙarawa. Mai wasa wuƙa na unguwa kuwa ki bashi almakashi da wuƙar kicin, wannan ta fi ƙarfin dutsensa sirantaka.

Farashi yana bin dala dan haka lissafin zan baki ki saka naki kuɗin. Ki haɗa kuɗin kwali da na kawowa, ki raba da adadin waɗanda suka ci gwaji ba adadin da ke kwalin ba. Mu ƙaddara, misali ne kawai, komai ya kama naira 12,000, guda 8 suka yi kyau, kowace ta tsaya 1,500, in bargo ɗaya yana cin biyu toh 3,000 kenan a bargo. In ta asali mu ce 8,000 ce kuma ta miki bargo uku, ta tsaya kusan 2,700. Kinga a irin wannan lissafin mai arahar bata ma fi ba. Amma in kwalin ya zo da kyau reza ɗaya ta gama bargo, toh ta koma 1,500 riba ta fito fili. Shi yasa na ce ki rubuta kwanan wata a mariƙi, ki kuma rubuta a littafin awo bargo nawa kowace ta yi, bayan kwali ɗaya ke da kanki zaki san ko ki koma wajen mai sayarwar ko ki canza. Kuma ki saka kuɗin reza a farashin bargon yadda kike saka zare da faiba, da yawanmu muna mantawa da shi.

Inda nake komawa ta asali ba ciniki shi ne kayan mutane masu tsada, babbar atamfa ko shaddar da aka kawo a yi ma amarya, ko ƙyallen da ba a samun irinsa kuma kaman zanin mahaifiya da ta rasu da wata ta kawo in haɗa mata bargo da shi.

9. Ajiya

Damina a Jos doguwa ce, watan Yuli da Agusta komai na ƙarfe a shago yana jin danshi, kuma masu arahar nan sun fi saurin tsatsa. Waɗanda baki fara amfani da su ba ki barsu da mansu a robarsu, wadda zaki saka kawai ake gogewa. Waɗanda kika riga kika goge wajen dubawa ki shafa musu man keke kaɗan ki maida. 'Yar jakar tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ki jefa ɗaya a ciki.

Tabarmar a kwance ake ajiye ta, ba a naɗewa, ba a jingina ta a bango, ba a guga a kanta, ba a barinta a rana ko cikin mota, in ta kumbura ta lanƙwashe bata komawa. Ki dinga juya ta kar kullum layi ɗaya ya sha yanka, zaren da ya maƙale a tsagogin ki goge shi da magogin fensir.

10. Tsohuwar reza

Wadda ta gaji da atamfa bata mutu ba, ta koma wuƙar takarda ta yi yankan fatan, wato samfurin ɗinki na takarda, da kwali da faiba. In ta gama wannan ma sai gwangwani.

Gwangwanin madara mai murfi nake amfani da shi, na huda 'yar tsaga a murfin daidai shigar reza na naɗe zagayen da selotef yadda ba mai buɗewa, na rubuta REZA da jan maka, yana can saman kanta inda hannun yaro baya kaiwa. Dan Allah kar a jefa ta tsirara a kwandon shara ko a buhun ƙyalle, yaran da ke tona bola da 'yan jari bola da hannu suke yi, mu ma kanmu hannu muke zurawa a buhun. In gwangwanin ya cika ki toshe tsagar da selotef, ki miƙa ma mai sayen ƙarfe hannu da hannu ki faɗa masa abinda ke ciki.